Babur a Ƙasar Haɗeja: Linzami Yake Bukata, Ba Turke Ba

Duk wanda ya san tarihin ƙasar Haɗeja ya san cewa mutanenta mahaya ne tun kaka da kakanni. A zamanin Sarki Buhari, cikin ƙarni na 19, da doki aka san Haɗejawa, kuma a bisa doki suka gagari maƙwabtansu. Talaka kuwa jaki ne abin hawansa, shi ke kai masa taki gona, shi ke komo masa da dami gida. Yau doki ya koma na hawan salla, jaki ya yi ƙaranci, aikinsu su biyun kuwa ya faɗo a kan babur. Tun daga Auyo har Guri, daga Kafin Hausa har Birniwa, da wuya a sami ƙauyen da ba a jin ƙugin babur cikinsa tun kafin rana ta fito.

Abin mamaki shi ne, duk da wannan matsayi da babur ya samu, hukumomi a ƙasar nan ba su cika tunawa da shi ba sai ran karɓar haraji, ko kuwa ran da wani abu ya faru aka ce a hana hawansa. Jama'a kuma, a nasu ɓangaren, sun ɗauke shi wani abu ne da ba shi da doka, kowa ya hau yadda ya ga dama. A ra'ayin wannan mujalla duka ɓangarorin biyu sun kauce hanya. Doki mai amfani ba a ɗaure shi a turke har abada don yana da ƙarfin kai, ba a kuma sakinsa cikin kasuwa babu linzami. Muna so mu bayyana dalilanmu dalla-dalla, domin yawancin masu karanta mu ko dai suna da babur, ko suna tara kuɗin saye, ko kuwa a bayan na wani suke zuwa aji da ofis.

Bari mu soma da yadda babur ya shigo hannun jama'a. A farkon zuwansa abin hawan ma'aikaci ne. Malamin gona, da malamin asibiti, da duba-gari, da hedimasta, su aka sani da shi, galibi ta hanyar rancen da ake cirewa daga albashi wata-wata. Ya yawaita ƙwarai bayan ƙarin albashin nan na Udoji, wanda kwamitin Jerome Udoji ya ba da shawararsa a 1974 zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, aka kuma biya ma'aikata bashin watanni a dunƙule cikin 1975. Da wannan kuɗi akawuna da malaman makaranta masu yawa suka sayi Honda da Suzuki da Yamaha da Vespa. A lokacin, saurayin da ya shigo gari a kan sabuwar Vespa ya gama gabatar da kansa a gidan surukai tun kafin ya buɗe baki.

Daga 1986, sa'ad da gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, darajar Naira ta faɗi, mota ta gagari ma'aikaci, motocin haya kuma suka ragu. Sai ma'aikacin da albashi ya daina isa ya riƙa fita da babur ɗinsa da yamma yana ɗaukar mutane a ba shi ɗan abin cefane. Daga nan acaɓa ta kafu ta zama sana'a. Da baburan ƙasar Sin irin su Jincheng suka shigo da araha, kana na Indiya irin su Bajaj Boxer suka biyo baya, sai babur ya fita daga hannun ma'aikaci kaɗai ya shiga hannun manomi da masunci da makiyayi. Ke nan cikin abin da bai wuce shekara talatin ba, abin ado ya rikiɗe ya zama kayan aiki, kamar fartanya da garma.

To, me ya sa ya fi zama tilas a ƙasar Haɗeja bisa ga wasu wurare? Amsar tana cikin yanayin ƙasar. Kogin Haɗeja, wanda ya samu daga haɗuwar kogin Kano da na Chalawa, idan ya wuce garin Haɗeja sai ya rarrabu hannu-hannu, ya malale cikin fadamar nan mai faɗi da ta miƙa har Nguru da Gashuwa a Jihar Yobe. Ƙasa ce ta laka da taɓo da damina, ta rairayi da ƙura da rani. Titin kwalta yana haɗa manyan garuruwa, amma ɗaruruwan ƙauyuka da rugage da bukkokin masunta suna can nesa da shi, ba su da hanya sai turbar ƙafa a kan jinga ko tsakanin gonaki. Inda turba ba ta fi kamu uku ba, mota ba ta da ta cewa. Babur kuwa ya bi ta kan jinga, ya ratsa yashi, in an iso mashigi a ɗora shi cikin kwalekwale a yi fito da shi, a can ƙetare a tayar a ci gaba.

A dubi irin aikin da yake yi a yini guda. Da asuba ya ɗauki manomin rani da injin ban-ruwansa da jarkar mai zuwa fadamar Auyo, inda aikin noman rani na Kwarin Haɗeja yake, wanda aka gyara aka buɗe a 2023. Da hantsi ya fito da buhun tattasai ko kwandon tumatir bakin titi kafin rana ta lalata shi. Ya ɗauko bandar kifi daga yankin Kirikasamma da Guri zuwa kasuwar kifi ta Haɗeja. Ya kai riɗi Malam Madori, ya kai nonon Fulani gari tun bai yi tsami ba. Malamin firamaren da aka tura ƙauye a kansa yake zuwa, haka ma'aikaciyar allurar riga-kafi da akwatin sanyinta. Idan kuwa naƙuda ta zo wa mace da gardama cikin dare, ko maciji ya sari yaro a gonar shinkafa, a ƙauyuka da dama babu motar asibitin da za a jira. Wani maƙwabci ne zai tashi ya buga babur ɗinsa.

Bugu da ƙari, kogin kansa ya sauya hali. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Chalawa a 1992, ruwa ya daina zuwa da tafiya a kan tsohon lokacinsa. Ciyawar nan kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, har ya zamana ruwa na kwanciya a inda a da ake noma, yana kuma ƙin zuwa inda ake jiransa. A ambaliyar 2020, da wadda ta fi ta muni a 2022, hanyoyi da gadoji da kwalbatoci sun yanke a sassa da dama na Jihar Jigawa, garuruwa suka zama tsibirai. A waɗannan makonni kwalekwale da babur ne suka riƙe jama'a, ɗaya ya miƙa wa ɗaya fasinja da buhun hatsi a bakin ruwa. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai yarda a kira babur kayan shashanci ba.

Sai dai mallakar babur ba hutu ba ce, kuma ya kamata mai shirin saye ya san haka tun bai kai kuɗinsa ba. Babur kamar iyali yake, kullum da bakinsa a buɗe. Ga fetur, ga juyen baƙin mai a kan kari, wanda in an yi masa ganganci inji ya buga. Yashin ƙasarmu yana cin sarƙa, ƙaya tana cin taya, ruwan mashigi yana shiga fulogi da kafireto. Mai babur ba ya rabuwa da bakanike da mai faci, kuma kayan gyaran da suka cika kasuwa da yawansu jabu ne, a sa yau su lalace jibi. Sa'an nan ga ɓarawo, wanda ya sa mutum ba ya barci sai ya shigar da babur har cikin ɗaki.

Wanda ya fi kowa ɗanɗana wannan kuɗa shi ne matashin da babur ɗin ba nasa ba ne. Wani mai hali ne ya saya ya ba shi, bisa sharaɗin ya kawo balas kullum, ko kuwa ya biya kuɗin da ya ɗara na kasuwa nesa ba kusa ba cikin watanni ƙayyadaddu, kana babur ya zama nasa. Galibi da fatar baki ake ƙulla wannan ciniki, babu takarda, babu shaidu. In yaron ya kwanta ciwo mako biyu, ko aka sace babur, ko ya faɗi ya karye, sai a wayi gari an karɓe abin hawan, abin da ya biya a baya kuma ya bi ruwa. Mai karatu ya lura da wannan da kyau, domin a nan tushen gudun ganganci yake. Wanda bashi ke bi a baya ba ya ganin rami a gaba.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce Naira 1,000. A ƙauyen da babu gidan mai, inda ake saye a kwalba wurin 'yan bumburutu, tsadar ta fi haka. Kuɗin hawa ya tashi, fasinja ya ragu, balas kuwa bai ragu ba. A daren 15 ga Oktoba, 2024, wata tankar mai ta kife a garin Majiya cikin Ƙaramar Hukumar Taura, a kan hanyar Kano zuwa Haɗeja. Jama'a suka taru suna kwasar man da ke malala, wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka rasu, galibinsu matasa. Allah ya jiƙansu da rahama. Ba mu kawo wannan don mu tayar wa kowa da miki ba, sai don a ga irin darajar da kwalbar fetur ta kai a idon talakan da abincinsa ke bisa taya biyu.

Duk da haka, gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Akwai ɓarnar da ba talauci ne ya kawo ta ba, sakaci ne tsagwaronsa. Me ya haɗa talauci da uban da ke miƙa wa ɗan shekara goma sha biyu makullin babur ya aike shi kasuwa, alhali ƙafarsa ba ta ko taɓa ƙasa? Me ya haɗa shi da samarin da ke wasa da babur ran kai amarya, suna sakin hannu, suna jan ƙarfe a kwalta yana tartsatsi, har biki ya koma zaman makoki? Ana goya mutum uku har huɗu, da jariri a tsakiya. Ana tafiya cikin dare babu fitila, a cire madubi tun ran da aka sayo babur wai don ado. Sakamakon yana nan a gidajen masu ɗori, da ɗakunan Babban Asibitin Haɗeja, da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, inda iyalai ke sayar da gona da bisashe don a ceto ƙafa guda.

Maganar hular kwano kuwa ta zama abin dariya, alhali ba ta dariya ba ce. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta soma tilasta sa hular ranar 1 ga Janairu, 2009. A Kano har aka ga 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a ka don su yi wa dokar ba'a, ba a jima ba kuma zancen ya shiririce. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayyana cewa hula mai inganci, in an ɗaura ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa da wajen kashi 40 cikin 100, ta kuma rage mummunan raunin ka da wajen kashi 70 cikin 100. Ƙafa in ta karye ana ɗora ta. Ƙoƙon kai ba shi da maɗori.

Ganin irin wannan, da kuma yadda miyagu ke amfani da babur wajen kai hari, ya sa hukumomi suka saba da magani guda, watau hani. An hana babur a Maiduguri a 2011. A Kano an hana acaɓa cikin Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero. A yankin Diffa na Jamhuriyar Nijar, can ƙasan wannan kogi namu bayan ya haɗu da na Jama'are ya zama kogin Yobe, an hana shi a 2015, manoman tattasai da masunta suka ji a jikinsu. A watan Yulin 2022 ma Gwamnatin Tarayya ta bayyana cewa tana duba yiwuwar hana babur a ƙasar baki ɗaya.

Ba mu raina maganar tsaro ba, kuma mun san akwai lokacin da hukuma ba ta da zaɓi sai ta ɗauki mataki mai ɗaci na ɗan lokaci. Amma a lura da abu biyu. Na ɗaya, birnin Kano yana da tituna, saboda haka da aka hana acaɓa sai A-daidaita-sahu ta maye gurbinta. A turbar jingar Guri mai ƙafa uku ba ta da wurin sa ƙafa ta ukun. Na biyu, hani ba ya kashe bukata, kora ta yake yi zuwa wani wuri. A ƙarshen Agustan 2019 jami'an Jihar Legas sun tsare wata babbar mota da ta taso daga Jigawa ɗauke da mutum 123 da babura 48, aka bincike su ba a same su da wani laifi ba, aka sake su. Waɗannan 'yan'uwanmu ne da suka bar gida suka yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 neman abin da za su aiko wa iyaye. A Legas ɗin ma an taƙaita sana'ar a 2020, aka ƙara tsanantawa a 2022. In an kore su a can, an kore su a nan, ina ake so su nufa?

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Jigawa da ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja da su duba waɗannan shawarwari.

Na farko, a kawo lasin da lamba kusa da jama'a. Doka ta ce sai mai shekara 18 zai yi tuƙi, kuma akwai ajin lasin na musamman domin babur, amma manomin da zai bar gonarsa yini biyu ya kashe kuɗin mota don neman takarda ba zai je ba. A riƙa kai ma'aikatan ƙauyuka ran kasuwa, a yi wa mutum gwajin hawa na gaske, a karɓi kuɗi kaɗan, a ba shi rasit.

Na biyu, kada a sayar da sabon babur sai tare da hula biyu, kuma duk gwamnati ko ɗan siyasar da zai raba wa matasa babura ya raba da hulunan. A nemo irin mai iska wadda ta dace da zafin bazararmu. Masu ƙyamar sa hular da wani ya cire suna da hujja, amma maganinta ƙyalle ne mai tsabta a ƙarƙashi, wanda kowa zai iya riƙe nasa a aljihu.

Na uku, a wajabta rubuta yarjejeniyar ba da babur bashi, a gaban mai unguwa da shugaban ƙungiyar 'yan acaɓa, a bayyana abin da zai faru in an yi ciwo, ko sata, ko haɗari, da kuma haƙƙin wanda ya riga ya biya rabi. Addininmu ma ya yi umurni da rubuta bashi.

Na huɗu, a mai da hankali ga ƙananan hanyoyi. Kwalbati guda a mashigin da ke yanke ƙauye wata uku ya fi wa talaka amfani bisa shatale-talen da aka ƙawata a birni. A haɗa wannan da yashe hanyoyin ruwa da sare kacala, wanda nauyi ne a kan Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are tare da gwamnatin jiha.

Na biyar, ƙungiyoyin 'yan acaɓa su san cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tun da suna karɓar kuɗin tikiti kullum, wajibi ne su riƙe rajistar membobinsu, su hana yara da mashaya hawa layi, su kuma ware asusun jinyar wanda ya faɗi. Wannan rajista ita ce amsar da ta fi dacewa ga masu tsoron miyagu, gama mutumin da aka san sunansa da unguwarsu da lambarsa ba ya ɓoyuwa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗeja kuma tana iya shirya gajerun kwasa-kwasai domin kanikawan babur, su ƙaru da ilmi a kan abin da suka koya a gareji.

Daga ƙarshe, ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, kada mu ɗauka maganar ta wasu ce. A ƙauye ɗan boko madubi ne. Yadda malamin makaranta ya hau babur, haka ɗalibansa za su hau. In akawun ƙaramar hukuma ya sa hula, ya yi lasin, ya ƙi goya mutum uku, ƙannensa za su ga cewa yin haka ba tsoro ba ne, wayewa ce. In mun hau bayan ɗan acaɓa yana gudu, mu ce ya rage, ko da za mu makara lacca, domin sauri kan haifi nawa. Kada kuma mu raina shi ko mu yi masa tsawa a kan canjin da bai taka kara ya karya ba. Da yawa daga cikinsu abokan karatunmu ne na firamare, wasu ma ɗalibai ne irinmu da ke fita da babur lokacin hutu don su haɗa kuɗin rajista.

Nan da 'yan shekaru wasu daga cikin masu karanta wannan shafi su ne za su zauna a ofisoshin Dutse, takardar neman a hana babur ta zo gabansu su sa hannu. Muna roƙonsu, kafin su ɗauki alƙalami, su tambayi kansu da me matar da ke naƙuda a bayan Baturiya za ta isa asibiti a daren da dokar ta soma aiki. In suna da amsa, to, madalla. In babu, sai su koma ga aikin da ya fi wuya amma ya fi amfani, watau gyaran hanya, da tsara sana'a, da hukunta mai laifi shi kaɗai.

Allah ya kiyaye mahaya da waɗanda suke goyo, ya ba shugabanninmu basirar yin abin da ya dace, amin.